Me binciken Ryan ya gano a makarantar Artane?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gwamnatin Ayalan ta taɓa bincikar makarantun kwana na koyon sana'a na coci, inda ake tsare marayu da yaran talakawa. Ta bincika, amma cikakken binciken cin zarafin yaran bai zo ba sai da suka yi furfura. An rufe Artane ta Dublin, wadda ƙungiyar malaman Katolika ta Christian Brothers ke riƙe da ita, tun 1969; rahoton Mai shari'a Seán Ryan, wanda ya jagoranci binciken, kuwa sai Mayun 2009 ya fito.

Ya gano dukan kawo wuƙa da lalata da yara sun zama ruwan dare. Yaro ya yi fitsarin kwance, a tozarta shi gaban 'yan'uwansa. Malamin da asirinsa ya tonu, a mayar da shi wata makarantar, ma'aikatar ilimi ta yi gum. Abin da ya fi ci min rai, an sakaya sunayen masu laifin, bayan ƙungiyar ta kai ƙara kotu a 2004.