Tambayoyinku: "Da Dare Nake Ƙarasa Faɗan a Zuciyata"

Tambaya: Mama, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Shekarata 4 da aure, gida ɗaya muke da uwar mijina. In ta gaya mini magana kan miya ko tarbiyyar yara nakan yi shiru, amma da dare sai in kwanta ina ta juya maganar, ina shirya amsar da zan ba ta. Makon jiya, wajen ƙarfe 1 na dare, na tura wa ƙanwar mijina dogon saƙo ta WhatsApp, na amayar da duk abin da ke cikina. Yanzu gidan ya yi tsami. Ina cikin Zumuntar Mata, amma ji nake kamar munafuka ce ni. Yaya zan yi?
Wata 'yar'uwa daga Kafanchan

Amsa: 'Yata, munafuka ba ta rubuta irin wannan wasiƙa, ki sauke wannan kayan tukuna. Jin fushi kansa ba shi ne zunubi ba. A Markus 3:5 Yesu ya dubi mutanen majami'a da fushi, amma abin da ya biyo baya shi ne warkar da mai shanyayyen hannu. Wurin da kike faɗuwa kin riga kin nuna shi da kanki: kan gado.

Mutane da yawa sun haddace Afisawa 4:26, inda Bulus ya ce kada rana ta faɗi muna cikin fushi. Kaɗan ne suka lura cewa farkon ayar daga Zabura 4:4 ya ɗauko shi, inda aka ce mutum ya yi nazari a zuciyarsa a kan gadonsa, ya yi shiru. Ke kuwa kin mai da gadonki kotu, ke ce mai ƙara, ke ce alƙali, tsohuwa kuma tana can tana barcinta. Kowane maimaici ƙarin ice ne a murhu.

Karin Magana 25:28 ya kwatanta marar kamunkai da birnin da garunsa ya rushe. Wanda ya taɓa ganin ganuwar Kano ya san ba a gina ta rufe ruf ba, an bar ƙofofi, irin su Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa, kowace da mai tsaronta. Tunani zai zo bakin ƙofa, ba ki da ikon hana shi. Ki tambaye shi dai: gaskiya ne? Ta faɗi haka, ko ni na ƙara gishiri? Abin da 2 Korintiyawa 10:5 ke kira kama kowane tunani ke nan.

Ni ma na sha wannan ruwan. Shekarun baya na gaya wa yayar maigidana wata magana a wajen biki, mun yi kusan shekara 2 gaisuwarmu ta fatar baki ce. Magana zarar bunu. A lokacinmu ma sai ka jira gari ya waye kafin ka sami wanda za ka gaya wa. Ku waya na ƙarƙashin matashi.

Don haka daga ƙarfe 9 na dare wayar ta kwana a falo. In abin ya taso, ki rubuta shi a takarda, ki karanta wa Allah yadda yake, ba kwalliya, Dawuda ma haka ya yi. Da safe ki sake dubawa. Abin da ya rage da nauyi ki kai wa maigidanki, don shirun da kike yi da rana shi ke fashewa da dare. Ƙanwar mijinki kuwa, ki taka da ƙafarki ki ba ta haƙuri, ban da saƙo.

In rashin barcin ya ɗauki makonni, ki ga likita. Wannan ba raunin bangaskiya ba ne.

Kada ki karaya in kin sake zamewa. A Galatiyawa 5:22-23 kamunkai yana cikin 'ya'yan da Ruhu ke bayarwa, shi ne ma na ƙarshe a jerin, kuma mangwaro ba ya 'ya'ya a shekarar da aka dasa shi. Ki sake rubuto mini bayan wata 3, ina so in ji yadda kuka ƙare da ƙanwar.