Amsa ga 'yar'uwar da ke neman inda yaranta za su yi abokai

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina koyar da yaranki biyu a gida, ƙaramin yana da lalurar otizim, wadda ke shafar mu'amalar yaro da mutane da yadda yake jure hayaniya, duk taron yaran da kika kai su sai ya koma gefe ya toshe kunne, babban kuma ya rasa ko ya yi wasa ko ya zauna gadin ƙaninsa. Kina tambaya ko akwai wurin da zai karɓe su tare.

Ni ma a gida nake koyar da nawa, kuma 'yata ba ta gani sosai, don haka na daɗe ina wannan nema. Wurin da aka rubuta "kowa ya zo" yana da yawa, amma da wuya ki samu wanda aka tsara wasansa yadda kowane yaro zai samu abin yi. Idan aka saki yara fili kawai, masu gudu da surutu ne ke cinye wasan, sauran su zama 'yan kallo.

Mu masu karatun gida muna da wata dama da ba mu cika lura da ita ba. Da safe a ranakun aiki, lokacin da sauran yara ke makaranta, ɗakin karatu na jama'a da filin wasa kusan babu kowa. Yaron da hayaniya da hasken fitila ke damunsa, wannan lokacin ya fi masa komai. Ki nemi iyalai biyu ko uku, ku tsayar da rana ɗaya da wuri ɗaya, kada ku riƙa canzawa. Yara masu otizim da yawa suna samun natsuwa ne idan sun san abin da ke tafe, shi ya sa nuna wa ƙaramin ɗanki hoton wurin tun a gida, da jera masa abin da za a yi daki-daki, yake rage kuka sosai. A ware kusurwa shiru da zai iya komawa ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Wasan da ya fi yi mana amfani shi ne goalball. An ƙirƙire shi a 1946 domin sojojin da suka rasa gani a Yaƙin Duniya na Biyu. Mutum uku-uku ne, kowa an rufe masa ido, ƙwallon tana da ƙararrawa a ciki, 'yan kallo kuma dole su yi tsit. Ranar da muka gwada, 'yata ce ke koya wa masu ido yadda ake bin sauti, kuma shirun nan zai iya dacewa da ɗanki. Ki kuma bincika ko akwai shirin Unified Sports na Special Olympics, ƙungiyar wasanni ta masu lalurar fahimta, kusa da ku, inda masu lalurar fahimta da waɗanda ba su da ita ke buga wasa a ƙungiya ɗaya.

Idan mai kula da wani wuri ya ce ba su da tanadi, ki yi masa magana da lalama, ki faɗi takamaiman abin da kike so: a rage sautin kiɗa, ko a ba ku sa'a ɗaya kafin cunkoso. Sashe na 30 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006 ya ambaci haƙƙin yara na wasa da nishaɗi daidai da takwarorinsu, sai dai ni ban cika buƙatar kai magana can ba, yawanci rashin sani ne ba mugunta ba.

Babban yaron kuwa, don Allah kada ya zama mai raino. Ki sanya ɗaya cikinku iyaye ya riƙa lura da ƙaramin, ku riƙa karɓa-karɓa, shi kuma a bar shi ya yi gudunsa, ya yi faɗansa da abokai, ya shirya da su da kansa.