Jarabar waya ce ko rashin aikin yi?

Ɗan'uwa ka ce kana kaiwa ƙarfe 2 na dare kana kallon TikTok, kana tambaya ko abin ya zama jaraba. Wallahi tambayarka ta taɓa ni don nima na shiga wannan halin.

Ni ba yawan awannin ne ya fargar da ni ba, wata rana 'yata ta kawo min littafin makaranta tana ta Baba duba, Baba duba, ina ce mata to to ido na kan waya, ko da na ɗago ta yi barci a kan tabarma da littafin a hannunta. Asuba ma ta fara wuce ni. In data ta ƙare ka ji ranka ya ɓaci kamar an yi maka sata, to alamar kenan. Ai ko hukumar lafiya ta duniya, WHO, ta sa jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka a 2019.

Ka shiga saitin, in Android ce akwai Digital Wellbeing, iPhone kuma Screen Time, za ka ga awa nawa kake ci, ka sa wa TikTok minti 30. Amma abin da ya fi min aiki shi ne bayan Isha'i na bar wayar a falo tana caji, na sayi ƙaramar Nokia don kira kawai. Satin farko da wuya sosai, hannu na ta lalube ƙarƙashin filo. In kuma damuwa ce ke tura ka wayar, don Allah ka ga likita kar ka ji kunya.