Filin Manoma: Yadda Ake Karanta Sakamakon Gwajin Irin Masara da Dawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar manoma a wani ƙauye kusa da Funtuwa. Malamin gona ya kawo mana takardar sakamakon gwajin irin masara, an jera su daga wanda ya fi yawan amfani zuwa na ƙarshe. Jama'a sun ce kawai mu sayi na saman. A ƙasan takardar kuma an rubuta LSD da CV, ba wanda ya gane su. Mu bi na saman?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ku dakata da sayen tukuna, domin haruffan nan da ba ku gane ba su ne ke nuna ko na saman ya fi sauran da gaske.

Gona ba ta zama ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Nan akwai tsohon suri, can Fulani sun taɓa yin mashekari, gaba kaɗan ruwa yana kwanciya. Shi ya sa masu gwaji a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, suke shuka kowane iri sau uku ko huɗu a wurare daban-daban cikin gona guda, ƙuri'a ce take zaɓar inda kowanne zai faɗa, sannan a ɗauki matsakaicin abin da ya bayar. Duk da haka sa'ar wuri ba ta fita gaba ɗaya. LSD shi ne mafi ƙarancin tazarar da za a gani tsakanin iri biyu kafin a yarda cewa iri ne ya kawo bambancin, ba ƙasa ba. A ce na ɗaya ya ba da kilo 6,100 a hekta, na huɗu ya ba da 5,700, LSD kuma 600 ne. Tazararsu 400 ce, ba ta kai 600 ba, ke nan gwajin bai raba su ba. A nan sai ku koma ga farashin iri, kwanakin nuna, da wanda kasuwar Funtuwa ta fi so, fara ko rawaya.

CV kuwa yana nuna yadda gwajin kansa ya yi tsabta. Idan bai wuce 15 cikin ɗari ba, aiki ya yi kyau. Idan ya haura 20, wani abu ya dagula gonar, ko fari, ko tsutsa, ko tsiro da bai fita daidai ba, kuma bai kamata a jingina kuɗin ƙungiya da shi kaɗai ba.

Ku nemi irin da aka sa ya zama ma'auni, wato sanannen irin da ake gwada sababbin da shi, kamar SAMMAZ 15 wanda manoma da yawa suka riga suka sani. Sabon irin da bai fi ma'aunin da tazarar LSD ba, bai kawo muku sabon abu ba. Ku kuma tambayi malamin gonar shekara nawa aka yi gwajin, kuma a ina. Sakamakon damina ɗaya a wuri ɗaya labarin daminar ne kawai. Irin da ya tsaya cikin na gaba-gaba damina biyu ko uku, a wurare masu ruwa da ƙasa irin naku, ya fi abin dogaro a kan wanda ya zo na ɗaya bana alhali bara yana can ƙasa. Ko kwamitin ƙasa mai amincewa da sababbin iri da ke zama a Ibadan ba ya sakin iri sai an gwada shi a tashar bincike, a wurare da dama, da kuma gonakin manoma.

Tambaya: Muna so mu gwada iri uku a gonar ƙungiya mu kai wa mambobi rahoto. Yaya za mu mai da abin da muka auna a ɗan fili ya zama na hekta? Daga wani malamin makaranta a Saminaka.

Amsa: Malam, ka ba kowane iri kunya huɗu masu tsawon mita 5, tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin tsiro da tsiro santimita 25, tsiro ɗaya a rami. Wannan yana daidai da tsiro 53,333 a hekta. Ka maimaita sau uku, kana sauya jerin. Rana ɗaya za a yi shuka, taki iri ɗaya, noma iri ɗaya. Ranar girbi ka bar kunyoyin gefe, domin suna satar rana da taki daga maƙwabtansu, ka girbe na tsakiya biyu kawai don aunawa. Faɗinsu murabba'in mita 7.5 ne.

Inda aka fi yin kuskure shi ne danshi. Irin da ke daɗewa bai nuna ba yakan zo ranar girbi da ruwa a jikinsa, sai sikeli ya ba shi nauyin da ba nasa ba. Don haka ake mai da kowane iri kan danshi 15 cikin ɗari. Ga misali: masarar da ka ɓare ta yi kilo 6 da totuwarta. Ƙwayar takan kai kusan kashi 80 cikin ɗari, wato kilo 4.8, ko da yake ka sussuke ka auna ya fi. Na'urar auna danshi ta nuna 22. Ka cire 22 daga 100, saura 78. Ka ninka 4.8 da 78, ka raba da 85 (wato 100 ban da 15), za ka sami kilo 4.4. Ka ninka da 10,000 (murabba'in mitan da ke cikin hekta), ka raba da 7.5, zai ba ka kusan kilo 5,870 a hekta. Da ba ka gyara danshin ba, 6,400 za ka rubuta, ka ƙara wa irin buhu biyar na ruwa zalla. Idan ba ku da na'urar, ku shanya duka a tabarma daban-daban har nauyin ya daina raguwa, sannan ku auna.

Kada rahoton ya tsaya ga nauyi. Ka rubuta ranar shuka, takin da aka zuba, tsiro nawa ya kai girbi, nawa ya kwanta, ranar da rabin masarar ta fitar da gemu, da ko bawo ya rufe bakin goyon, domin ta nan ruwa da ƙwaro suke shiga. Idan gonar tana da ƙuduji, ka ƙirga shi a mako na 8 da na 10 bayan shuka. Ka kuma rubuta ko an yi feshin tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta shigo Najeriya a 2016. In awaki suka cinye wani ɓangare, ka rubuta hakan, kada ka cike gurbin da ƙiyasi.

Tambaya: An ce mana wata sabuwar dawa mai saurin nuna ta fi kaura a gwaji. Na shuka ta da ruwan farko, tsuntsaye suka cinye rabi, sauran ta yi baƙi a zangarniya. Ƙarya aka yi mana? Daga wata manomiya a Kudan.

Amsa: Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Mai yiwuwa lambar gaskiya ce, sai dai an ba ki ita ba tare da sharuɗɗanta ba. Kaura da farafara suna bin tsawon rana, duk lokacin da aka shuka su sai damina ta zo ƙarshe suke fitar da kai, ƙwayar ta bushe cikin iska. Masu saurin nuna irin su SAMSORG 40 da SAMSORG 41 kwanaki suke ƙirgawa, kuma don yankunan da damina ke gajarta aka yi su, kamar Kano da Jigawa da arewacin Katsina. Da kika shuka da ruwan farko a ƙasar Zazzau, ta nuna ana tsakiyar ruwa, fumfuna ta kama ƙwayar. Kuma gonarki kaɗai ce ke da hatsi a lokacin, dole tsuntsun unguwar duka ya sauka a kanta. A tashar bincike ana sa masu kora, wani lokaci ma a rufe zangarniyar da jaka, abin da manomi ba zai iya yi wa hekta guda ba.

Don haka a takardar gwajin dawa, ki fara tambayar ranar shuka da kwanakin fitar kai kafin yawan amfani, sai makin fumfuna da ɓarnar tsuntsu. Nauyin kara ma a duba, tunda gajeriyar dawa ba ta ba da karan darni da abincin dabbobi kamar doguwa. Idan kina son sake gwada ta, ki jinkirta shuka yadda za ta nuna daidai da ɗaukewar ruwa, ku haɗa kai da maƙwabta ku shuka lokaci ɗaya, ki kuma ajiye mata kunya goma kawai kusa da kaurarki. A yankinku, SAMSORG 17, wadda aka fi sani da SK5912, gajeriyar kaura ce mai daɗewa da ta dace da tsawon daminarku, ita ya kamata ki sa a gefe ki kwatanta da ita.