Amsa kan furotin masu danne ƙwayoyin gado da girman tantani

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kin haddace darasin rifiresa, wato furotin masu danne ƙwayoyin gado, saboda jarrabawar bak ta kammala sakandare, amma kin kasa ganin abin da ya haɗa shi da girman tantani da kuma ciwon daji. Ina koyar da ilimin halittu a wata lise, wato babbar sakandare, a nan Garwa, kuma a daidai wannan gaɓar ɗalibaina suka fi yin tuntuɓe, don haka ki yi haƙuri in ɗan tsawaita.

Tantanin hantarki da na idonki ADN ɗinsu, wato kundin bayanan gado, ɗaya ne, da ƙwayoyin gado wajen 20,000 masu ɗauke da umarnin haɗa furotin. Bambancinsu shi ne waɗanda ake karantawa da waɗanda aka rufe. Rifiresa furotin ne da ke hawa kan ADN, ko ya riƙe wani furotin, don kada a kwafi saƙon zuwa ARN, wato kwafin da ake bi a haɗa furotin. Ba ya goge komai. Ki tuna ƙofofin madatsar Lagdo: ruwan yana nan a tare, ranar da aka ɗaga ƙofa sai ya wuce. Shi ya sa duk rifiresa da aka kawo miki, ki yi masa tambaya biyu: me yake tarewa, kuma me ke sa ya saki?

Misalin da ke littafinku na François Jacob da Jacques Monod ne, a cibiyar Pasteur ta Paris, 1961, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1965 tare da André Lwoff. Bakteriyar E. coli ba ta ɓata ƙarfinta wajen haɗa anzim na narkar da sukarin madara in babu shi. Rifiresa na zaune a kan opereta, wani ɗan yanki na ADN a bakin ƙwayoyin gadon anzim ɗin, ya tare hanya. Da laktoz, wato sukarin madarar, ya shigo, sai kaɗan daga ciki ya rikiɗa ya zama alolaktoz, ya manne wa rifiresa, siffarsa ta sauya, ya sauka. Rifiresan tiriftofan, ɗaya daga cikin tubalan gina furotin, akasin haka yake: sai abin ya yi yawa sannan rifiresa ya iya hawa ya rufe. Ɗalibai na yawan cakuɗa biyun a takardar jarrabawa, ki kula.

To, ga inda nake so ki tsaya sosai. A jikinmu akwai furotin mai suna Rb, umarnin haɗa shi na kan kuromozom na 13. Shi ba ya tsayawa kan ADN kai tsaye. Yana kama E2F ne, furotin da ke kunna ƙwayoyin gadon da tantani ke buƙata kafin ya kwafi ADN ɗinsa ya rabu biyu, sannan ya jawo wasu anzim su ƙara matse wurin. Idan saƙon girma ya iso, sai wasu furotin, siklin D da CDK4 ko CDK6, su liƙa wa Rb fosfat, ya saki E2F, tantani ya rabu. Bayan rabuwar a cire fosfat ɗin, ya koma bakin aiki. Yanzu in Rb ya lalace fa? E2F ya zama sake, tantani na ta rabuwa ba tare da an ce ya rabu ba. Alfred Knudson ya nuna a 1971 cewa sai kwafi biyun ƙwayar gadon duka sun lalace, na uwa da na uba, kafin kansar ido ta yara ta tashi. Yaron da ya gaji ɗaya lalatacce saura ɗaya kawai ya rage masa, shi ya sa takan kama shi da wuri, sau da yawa a ido biyu. Wannan ba zancen aji ba ne kawai: in kika ga tsakiyar idon ƙaramin yaro na haske fari, musamman a hoton da aka ɗauka da filasha, a kai shi wurin likitan ido ba jira, don in an kama ta da wuri yawanci ana warkewa. Cutar HPV mai jawo kansar bakin mahaifa ita ma ta nan take bi, furotin ɗinta E7 ke riƙe Rb ya hana shi aiki, kuma abin na damuna in na ji ana gudun rigakafinta.

Sai dai kada ki ɗauka kullum alheri ne rifiresa ya yi aiki. Kin lura jariri mai sikila yakan yi watanni na farko lafiya lau? Jininsa cike yake da hemogilobin na ɗan tayi, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini. Rifiresa mai suna BCL11A ne ke rufe shi sannu a hankali bayan haihuwa, wajen wata shida sai ciwon ya fara bayyana. Maganin Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 rage ƙarfin wannan rifiresa yake yi, don hemogilobin na ɗan tayi ya dawo. Tsadarsa ta fi ƙarfin mutanenmu nesa ba kusa ba, amma hidiroksiyuriya da likitoci ke bai wa masu sikila ita ma ƙara wannan hemogilobin take yi.

Wajen bita, ki zana kowane misali sau biyu a takarda, rifiresa a kame da rifiresa a sake, ki rubuta abin da ya jawo sauyin a kan kibiyar da ke tsakani. In kin zana na Rb ki turo in duba miki. Allah ya ba da sa'a.