Shin daidai ne birni ya taɓa asusun ajiyarsa don biyan kuɗin shara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙaramin birni a Amurka. Majalisar birninmu na shirin ɗiban kuɗi daga asusun ajiya don biyan kamfanin da ke kwashe shara da kayan da ake sake sarrafawa, wai don kada a ƙara mana kuɗin wata. Ni dai na ji daɗi, amma maƙwabcina ya ce kuskure ne. Malam, wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, maƙwabcinka ya fi kusa da gaskiya, amma sai mun san abin da ya haifar da giɓin da ke tsakanin kuɗin sharar da kuke biya da abin da birni ke biyan kamfanin.

Asusun ajiya rumbu ne da ake tsimi a ciki saboda shekarar fari. In ambaliya ta bar tarkace a tituna, ko motar shara ta ƙone, ko mai ya yi tsada na 'yan watanni, a buɗe rumbu, don haka aka tara. Kuɗin kwashe shara kuwa kowane wata yana nan. A ce giɓin dala 500,000 ne a shekara, asusun kuma miliyan 2 ne. Cikin shekara 4 asusun ya ƙare, giɓin bai motsa ba, ƙarin da aka guje wa kuma zai zo muku a dunƙule.

Tsadar nan tana da asali. Kwali da roba da gwangwani haja ce, kamar yadda 'yan jari-bola suka sani a gida. Shekaru da dama Sin ce babbar mai saye, har wasu biranen Amurka na samun kuɗi daga abin da mutane suka zubar. A 2017 Sin ta sanar cewa za ta hana shigo da nau'i 24 na shara, hanin ya fara aiki a 2018, ta kuma ce ƙazantar da ke cikin kayan da za ta karɓa kada ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari. Kaɗan ne ke iya cika wannan sharaɗi. Ka leƙa inda ake tace kayan: kwalin abinci ya jiƙe da mai, leda ta nannaɗe ƙarfen inji, sai an tsayar da aiki ma'aikata su hau su yanke ta da wuƙa. Kasuwa ta faɗi, wanda ake biya ya koma mai biya. Birnin Filadelfiya ya yi watanni, har cikin 2019, yana kai kusan rabin kayan da mazauna suka ware zuwa tandar ƙona shara a garin Chester. Duk birnin da ya ɗauka wannan iska ce mai wucewa, ya yi ta cikawa daga ajiya, asusunsa kawai ya rarake.

Ƙungiyar jami'an kuɗin gwamnatoci ta Amurka da Kanada, GFOA, tana ba da shawarar kada ajiyar babban asusun birni ta gaza kuɗin gudanarwa na wata 2. In ta yi ƙasa sosai, masu auna ƙarfin biyan bashi na lura, ruwan bashin gina hanya ko makaranta sai ya hau, kuma ku ne za ku biya.

Abin da ya fi damuna shi ne wane asusu za a taɓa. Wasu birane na da ajiya ta musamman a sashen shara, wadda aka tara daga kuɗinku don sassauta ƙari. Amfani da ita ba laifi. Amma in birninku na da juji nasa, dokar tarayya ta wajabta kula da shi shekara 30 bayan an rufe shi, saboda ruwan ƙazanta da iskar gas da ke fita. Kuɗin wannan amana ce, kada a kusance shi.

Zaman kasafin kuɗi a buɗe yake ga jama'a. Ka je, ka tambaye su nawa zai rage a asusun bayan an ɗiba, yaushe kwangilar kamfanin za ta ƙare, kuma da wane kuɗi za a biya baɗi. In suka ce shekara ɗaya ce kafin sabuwar kwangila, ga kuma jadawalin mayar da kuɗin a rubuce, ka goyi bayansu. In ba su da amsar baɗi, ka nemi a yi ƙarin kaɗan-kaɗan tun yanzu, tare da rangwame ga tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi.