Yaya, Ga Yadda Muke Ɗaukar Jarfa a Masar

Yaya, na saurari saƙonki, na kuma ji yadda muryarki ta sauya da kika zo kan maganar hoton. Ƙwarai, abin da kika gani a wuyan hannun ɗanki jarfa ce. Ba lalle ba ne, ba dayis ba ne, ba kuma za ta wanku ba. Kin ce matan zumunta sun sa ki gaba da tambaya, wai ko daɗewa a Masar ta sa mun saki hanya, har kin kawo mini Littafin Firistoci 19:28, ayar da ta hana yin zane a jiki. To, ki ba ni aron kunnenki.

A nan Alƙahira gicciye a hannu ba na 'yan iska ba ne. Kibɗawa, Kiristocin asalin ƙasar, sun kai kusan kashi 10 cikin 100 na jama'a, kuma da wuya ki gaisa da ɗayansu ba ki ga ɗan ƙaramin gicciye a cikin wuyan hannunsa na dama ba, daidai inda ake jin bugun jini. Likita na da shi, mai kwasar shara na da shi, tsohuwar da ke sayar da burodi a unguwar Shubra na da shi, nata har ya koɗe ya koma kore-kore ya bazu cikin fata. Su suna cewa tun zamanin jizya kakanninsu suka riƙe abin, don kada a ɗauke yaro a ce ba a san na wane ne ba.

Na tsaya na kalli yadda ake yi a Muƙaɗɗam, bakin cocin Sam'an da aka sassaƙa cikin dutse. Mutum ne da ɗan teburinsa, ya jera hatimai iri-iri. Uba ya riƙe hannun yaro ya juya shi sama, mai aikin ya dangwala hatimi a tawada ya buga, sannan ya bi layin da allurar inji. Yaro na tsala ihu, mata na rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Kafin ki gama gaisawa da na kusa da ke an ɗaure wurin da auduga, an miƙo na gaba.

Kuma abin yana da tsada, ba ta kuɗi ba. Mai wannan alama ba ya iya ɓoye ko shi wane ne, ko a wurin neman aiki, ko a cikin motar haya. Bayan bam ɗin cocin Buɗrusiyya a Disamba 2016, da na cocin garuruwan Ɗanɗa da Iskandariyya ranar Lahadin Dabino ta 2017, tsaro ya tsananta a ƙofofin coci, kuma sau da yawa abin da mai gadi ke nema ke nan: ka janye hannun riga ya gani. Ɗanki a cikin waɗannan yara ya tashi. Da su ya yi makaranta, da su ya yi ƙwallo. Ke da kanki kin san abin da zai ji ranar da abokansa suka wuce shi kuma aka tsayar da shi ana tambaya.

Ayar kuwa, ban raina ta ba. Amma ki karanta ta tare da maƙwabtanta. Aya ta 27 ta hana aske gefen kai da rage gefen gemu, ta 19 ta hana sa tufa mai zare iri biyu, ita ta 28 ɗin kuma da tsaga jiki saboda matattu ta fara. Al'adun masu bautar gumaka ake raba Isra'ila da su, irin na annabawan Ba'al da suka yi ta yanka jikinsu a 1 Sarakuna 18. In za mu ɗauki guda mu yi hukunci da ita, to fastonku ma sai ya daina zuwa wurin mai aski. Da manzanni suka zauna a Urushalima a kan abin da za a ɗora wa al'ummai, Ayyukan Manzanni 15, ba su sa wannan a ciki ba. Kibɗawa kuma in kin ja su da gardama sai su buɗe miki Galatiyawa 6:17, inda Bulus ya ce yana ɗauke da tabban Yesu a jikinsa. Ni dai ina ganin tabon bulala da jifa yake nufi, ba allura ba, na kuma faɗa musu haka, mun rabu kowa da nasa.

Sannan Yaya, mu ne za mu yi wa wani gorin zane? Baba da billensa aka yi masa baftisma. Jarfar da wanzami ya yi wa Inna a wuya tun tana budurwa, da ita ta yi shekaru tana ba da waƙa a zumuntar mata, ba wanda ya taɓa cewa ta koma baya. A cocin da muke zuwa a Zamalek za ki zauna kusa da dattijon Nuwer daga Sudan ta Kudu mai layi 6 a goshi, gabanki kuma ga matar Habasha da gicciye a tsakiyar goshi, duk layi ɗaya muke bi zuwa Jibin Ubangiji.

Kada ki ɗauka kuma komai ya halatta. Mu 'yan Arewa Kirista a nan ba mu da yawa, mun san juna, kuma akwai abin da muka tsaya a kai ko da ba a rubuce yake ba. Ba ma yi wa jariri. Wannan kam mun bar wa Kibɗawa, don shaida ai sai mai hankali, ga shi dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ma ta hana yi wa yaro jarfa ko tsaga. Ɗanki sai da ya wuce shekara 18, ya zo ya same ni da bakinsa, na sa shi ya jira, ya sake dawowa. Zanen ado, zaki a damtse ko sunan budurwa a ƙirji irin na 'yan ƙwallo, ba ma so, limaman Kibɗawan su ma ba sa yaba shi. Nan ne 1 Korintiyawa 6:19 take shigowa, jiki haikali ne, ba allon talla ba. Wanda ya riga ya yi kuma ba ma korarsa. Akwai kuma waɗanda a cikinmu ko gicciyen ba su yarda da shi ba, matata ma da ƙyar ta sakko. Romawa 14 muka riƙe, ba mai hukunta bawan wani.

'Yan'uwanmu Musulmi ɗaliban Azhar, waɗanda muke haɗuwa da su wurin cin tuwo da suna da jana'iza, nasu a fili yake: hadisi ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa. Ba su taɓa ɓoye mana ba, mu ma ba mu ɓoye hannunmu, ana zaune lafiya.

Inda na ba ki gaskiya shi ne gida. A can mai jarfa ɗan ƙungiyar asiri ne ko ɗan daba har sai ya wanke kansa. Kin tuna koke-koken matasa a 2020 a kan 'yan sanda, yadda suke tare yaro a hanya saboda zane ko gashi. Aikin soja ma ba a ɗaukar mai ita. Kuma ni da ke mun san akwai ranar da gari kan rikice, a tare hanya ana tambayar mutum ko shi wane ne. Duk na zaunar da shi na faɗa masa kafin ya je. Ya ce ya ji, ya gani.

In mun zo Kirsimeti zai sa agogo a hannun muddin muna kan hanya, wannan sharaɗina ne. A coci kuwa zai cire. Matan zumunta masu tambaya ki ce su tare shi bayan sujada su tambaye shi da kansu, Hausarsa ta ishe shi amsawa. Ƙanwarsa ma ta fara nata ƙorafin, na ce ba yanzu ba.